Yadda kwamitin makarantarmu ya fara magana da unguwa

Ina wakiltar tsofaffin ɗalibai a kwamitin makarantar firamare ta unguwarmu a cikin birnin Kano, kwamitin da ake kira SBMC. A tsarinsa akwai mai unguwa, da liman, da hedimasta, da wakilan mata da masu sana'a, har da yara daga cikin ɗaliban. Duk da haka, lokacin da na shiga, yawancin iyaye ba su san da zamanmu ba. Waɗanda suka san mu kuwa, ganinsu shi ne ba ma kiran taro sai in ana neman kuɗi.

Hanyar da aka saba kiran taro ita ce a ba yaro takarda ya kai gida. Takardar nan ba ta cika isa hannun uba ba, in ma ta isa, taron ƙarfe goma na safe ne, lokacin da magidanta suka riga suka tafi kasuwar Kwari ko Singa ko Sabon Gari, masu Adaidaita Sahu kuma suna kan titi. Sai muka mayar da zaman bayan La'asar ranar Juma'a, a ƙofar gidan mai unguwa. Liman ya riƙa sanarwa bayan sallar Asuba, kuma muka buɗe zauren WhatsApp wanda saƙon murya ya fi yawa a cikinsa, saboda ba kowa ne ke karanta boko da sauri ba.

Maza suka fara zuwa, amma labarin yara ba a wurinsu yake ba. Uwa ce ta san dalilin da ya sa yarinya ta daina zuwa aji. Hajiyar da ke wakiltar mata ce ta ce mana kada mu jira su fito, a bi su inda suke taruwa. Ita da wata malama suka riƙa shiga Islamiyyar matan aure ta dare, da gidajen suna, suna tambaya suna saurare. A nan muka ji abin da babu namijin da ya taɓa faɗa a gabanmu: 'yan matan aji biyar da shida suna gudun makaranta ne saboda banɗakinsu ba shi da ƙyaure kuma babu ruwa. Mu a wajenmu talla muke zargi. Tallan yana nan, amma banɗakin shi ne abin da ƙarfinmu zai iya, kuma wani kafinta a cikin iyayen ya sa ƙyauren bai karɓi ko sisi ba.

Maganar kuɗi ta fi komai zafi. Tun da gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, duk wanda ka tunkara da zancen gyaran benci zai ce, "Ranka ya daɗe, ba an ce kyauta ba ne?" Yana da gaskiyar tambaya. Muka daina kewaye-kewaye, muka ce ba za a kori yaron kowa don rashin biya ba, gudummawa ganin dama ce. Sannan duk ƙarshen zango ma'aji ya rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe a kan allo a bakin ƙofar makaranta, da boko da ajami, rasit kuma yana ofishin hedimasta ga mai son gani. Wasu a cikinmu sun ga kamar tonon silili ne. A ganina wannan allon ya fi duk jawaban da muka taɓa yi amfani, don tun daga lokacin zancen "sun cinye" ya ragu a majalisu.

Mun kuma koyi raba wa mutane abin da ke hannunmu da wanda ba ya hannunmu. Ɗaukar malami da gina sabon aji aikin SUBEB ne, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, iyaye suka zo da ɗoki suna tambayar yaushe za a raba wani ajinmu mai cunkoso. Ba mu yi alkawari ba. Mun karanta musu takardar da muka rubuta, muka faɗi ranar da aka kai ta, kuma a kowane zama mukan fara da bayanin inda aka kwana, ko da babu sabon labari.

Abin da ya rage mana shi ne iyayen da ke zaman haya, waɗanda ba su cika zuwa ƙofar mai unguwa ba kuma ba a san su a masallacin layi ba. Yaransu suna da yawa a aji ɗaya da biyu. A zangon nan mun nemi malaman ajin su karɓi lambar wayar kowace uwa ranar rajista, Hajiya kuma ta ɗauki nauyin kiransu kafin zama na gaba.