Abin da ya ɓata mani rai a taron masu busa

Ni malamin badujala ne a wata makarantar sakandare a nan cikin Katsina. Ni ke koya wa yara begila da turampet da ganga, mu ne ke gaban fareti ranar 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba. Da takarda ta iso cewa za a tara masu kayan busa na tagulla na shiyyar nan tamu, har da baƙi daga Maraɗi, kuma masu kakakin fada za su zauna da mu, murna ta hana ni barci. Ba mu taɓa zama inuwa ɗaya da su ba. Daga nesa muke hangensu ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro.

Takarda ta ce ƙarfe tara. Sai bayan azahar aka buɗe da addu'a, wai ana jiran babban baƙo. Wannan da sauƙi. Ba a tanadi wurin ajiye kaya ba, yarana suka jera turampet a ƙasa, ga hunturu ya busa ƙura ko'ina. Duk wanda ya riƙe turampet ya san bawul ukun nan ba su shiri da ƙura: da ta shiga sai su cije, ka danna su ƙi tasowa. Ɗan man da na zo da shi, kafin la'asar ya ƙare wajen rabawa.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne ɗakin taron. Kakaki ya haura mita biyu, kashi biyu ne ake haɗawa, kuma sama ake ɗaga shi in za a busa. Sai aka sa mu a ɗaki mai gajeren silin, fankoki na juyawa. Wani dattijo daga Daura ya kwance nashi daga ƙyallen da ya naɗe shi, ya haɗa, ya ɗaga don ya nuna mamu yadda ake riƙo. Ji muka yi ƙwam! Fanka ta daki bakin kakakin. Ya sauke shi a hankali, ya sa babban yatsa yana shafa inda ya lotse, bai ce uffan ba. Ni na tashi na kashe fankar, don babu ko ɗaya daga masu shirin a kusa.

Ana cikin haka babban baƙo ya shigo, mai gabatarwa ya ɗauki makirfo ya ce a busa mashi kakaki. Dattijon ya girgiza kai. Yaron ya matsa: "Baba, ko sau ɗaya ne, ku taimaka." Ya ce, "Ɗana, ba rowa ba ce. Sarki ake yi wa." Sai aka fara gunaguni a teburin manya, kamar ya yi rashin kunya.

Haba jama'a! Kakaki kayan sarauta ne. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake busa shi wa sarki. Kuma magana yake yi. Muryoyinshi kaɗan ne, amma suna bin hawa da saukar harshen Hausa, shi ya sa wanda ya tashi kusa da fada zai gaya maka taken da ake busawa. An buga hoton kakaki ƙato a ƙyallen taro, an rasa wanda zai je ya gaishe da mai busa ko ɗaya ya tambaye shi me ya dace, me bai dace ba. Da an yi haka, da a fili aka shirya zaman, da kuma ba a kunyata dattijo a gaban sa'o'in jikokinshi ba.

Zaman da na zo dominshi biyu ne: na gyaran kaya, da wanda dattawan za su yi bayanin numfashi da yadda maƙeran fari ke ƙera kakaki. Jawabai suka cinye duka. Kowa ya riƙe makirfo sai ya gaida mutanen tebur ɗaya bayan ɗaya. Bayan magariba aka ce a ba dattawa 'yan mintoci, janareta ya mutu, aka watse.

A waje, gindin bedi, na iske dattijon nan na Daura yana naɗe kayanshi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ku yi haƙuri." Ya karɓi begilar wani ɗalibina ya jujjuya ta, ya ce ai dangin juna ne, ita ma ba rami ba bawul, duk aikin a leɓe yake. Ya kama hannun yaron ya ɗora a cikinshi don ya ji inda iska ke fitowa, ya nuna mashi yadda ake matse leɓe ba tare da an danne shi da ƙarfe ba. Nan take sautin yaron ya gyaru, abin da na daɗe ina fama da shi a aji. Ya ce mani a gidansu gado ne, amma yanzu samarin sun koma acaɓa da cajin waya, ba mai zama ya koya. Irin wannan mutum aka ɗauko, aka bar shi da ledar ruwa tun safe.

Kuɗin motar da aka yi wa dattawan alkawari ma ba a ba su ba. Daura kusan kilomita 80 ce, kuma yanzu ba mai son tafiyar dare. Mu malamai muka yi karo-karo muka kai su tasha. Mutanen Maraɗi kuwa a masallacin unguwa suka kwana.

Na nemi izinin shugaban makarantarmu in kai yara Daura lokacin Sallar Gani, cikin Rabi'ul Awwal, su ji kakaki a inda ake busa shi, su kuma zauna da Baba in ya samu sarari. Da na kira shi kan maganar, ya ce kakakin na wurin maƙeri, da kuɗinshi zai biya gyaran. Har yau babu wanda ya kira shi daga masu taron, ko don ya ce mashi sannu.