Buhu bakwai na siminti a ɗakin Inna

Shekara biyu kenan da muka zuba wa ɗakin Inna kankare a gidanmu na Ƙofar Marusa, kuma wallahi har yau in na shiga na ga jikokinta suna rarrafe a ƙasa ba tare da kowa ya ce a ɗauke su ba sai in ji dama tun tuni muka yi. Mun daɗe muna kashe kuɗi a fenti da ƙofar ƙarfe saboda idon mutane, alhali inda tsohuwa take taka ƙafarta kullum ƙasa ce tsura.

Da can daɓen gargajiya ne a ɗakin. Inna ta ce ranar da aka yi shi matan unguwa ne suka taru da madaɓai suna bugu suna waƙa, aka zuba tsakuwa aka yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ya yi jawur yana sheƙi. Ban raina wannan aikin ba ko kaɗan, ya yi zamaninsa kuma ya yi kyau. Matsalar shi ne yana son gyara akai-akai, masu yin kuma sun tsufa, 'yan matan yanzu ba su iya ba. Sai ya fara farfashewa, tsintsiya na cinsa kullum safiya, shara ba ta ƙarewa, ka share yanzu anjima ƙura ta dawo kan kwanuka. In watan Agusta ya kama kuwa danshi ke tasowa daga ƙasa, tabarma ta yi wari, buhun gero ya fara fumfuna ta gindi. Gara ta cinye mata ƙasan akwatin katako da zannuwa biyu a ciki, ba ta faɗa wa kowa ba sai da ƙanwata ta ɗaga akwatin. Kunama kuma sau biyu ana kashewa a bakin gado.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yara. Ƙasa ba ta wankuwa. Yaro ya yi fitsari ko kashi ko amai, iyakaci a kwashe a barbaɗa toka, sauran ya shige ciki, gobe ɗan'uwansa ya zo ya dafa wurin ya kai hannu baki. Ta nan ƙwan tsutsar ciki ke shiga, akwai ma wadda ta fatar ƙafa take ratsawa ta je tana shan jini. A ƙasar Meziko gwamnati ta taɓa yin wani shiri mai suna Piso Firme, tana zuba wa talakawa siminti a ɗakuna, da aka bi diddigi aka tarar gudawa da tsutsar ciki da ƙarancin jini sun ragu sosai a ƙananan yara. Ni ban yi mamaki ba, dan yanzu bokiti ɗaya da omo da tsumma sun gama magana.

To amma fa aikin sai an tsaya a kai. Birkilan da ya yi mana dattijo ne, ya ce min "Alhaji ƙarami, in kana son jaman fulo na gaskiya, wato daɓen kankare, kar ka yi min rowar siminti kuma kar ka yi min rowar ruwa." Ɗakin ƙafa 12 ne ta kowane gefe. Aka kankare tsohon daɓen, aka cika da jar ƙasa aka daddaɓe ta sosai, sannan aka shimfiɗa baƙar leda mai kauri har ta ɗan hau bango, ita ce ke tare danshi, mutane da yawa suna tsallake ta dan tsimi sai damina ta zo su ga ƙasa na gumi. Kwaɓin kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kaurin wajen inci uku. Buhu bakwai muka ci, mai kilo 50, har da na shafen sama. Ko Dangote ka saya ko BUA duk ɗaya a wurina, ka dai matsa buhun ka tabbatar bai daskare ba.

Sai ban ruwa. Nan ne ake yin asara a garin nan, ga zafin Katsina, a zuba yau gobe a shigo da gado. Siminti ba bushewa yake so ba, ruwan ne ke sa shi ƙarfi, aƙalla kwana 7 ana jiƙa shi, ƙarfinsa sosai kuma sai wajen kwana 28. Inna ta koma ɗakin ƙanwata, ni kuma safe da yamma ina sayen jarka biyu wurin mai ruwa ina kwarara, na rufe da tsofaffin buhuna.

Aibinsa ɗaya da na gani, lokacin hunturu yana ɗaukar sanyi sosai, ga ta da ciwon gwiwa. Na ce in sa mata tayil ta ce a'a santsi gare shi, tsoron faɗuwa take in ta yi alwala. Sai muka shimfiɗa ledar ɗaki da darduma mai kauri inda take sallah. Bana in Allah ya yarda madafi za mu yi, na riga na ajiye buhu uku a zaure.