Daga Gishirin Badwater Zuwa Ƙanƙarar Bryce Canyon

Da aka ba da hutun ƙarshen shekara, ni da wani abokin karatuna ɗan Agadas muka yi hayar mota a Las Vegas, muka nufi gandun Death Valley da ke Kalifoniya. A Furnace Creek, cikin gandun nan, aka taɓa auna zafi digiri 56.7 a Yulin 1913, saboda haka mai hankali ba ya kai kansa can da bazara. A Disamba kuwa, riga mai dogon hannu ta wadatar da rana.

A Pahrump, garin ƙarshe mai manyan kantuna, abokina ya sa muka cika tanki, ya jibga jarkokin ruwa a bayan mota. Na ce, "Haba Malam, nan fa Amurka ce, kwalta sumul." Ya ce, "Kai Bakano, me ka sani a kan hamada? Duk inda take halinta ɗaya." Da gaskiyarsa. Gidajen mai a cikin gandun 'yan kaɗan ne, farashinsu sai ka riƙe baki, sabis ɗin waya kuma da ka ɗan yi nisa ya ɗauke. Taswirar da muka sauke a waya tun a gari ita ta yi mana jagora. A ƙofar farko muka yanki katin shekara, dala 80 a lokacin, wanda ya shigar da motarmu duka gandayen da muka je. Biyan kowanne daban ya fi haka tsada.

Badwater ne ya fi tsaya mini a rai. Fili ne na gishiri fari fat, mita 86 ƙasa da matakin teku, duk nahiyar Amurka ta Arewa babu kwari kamarsa. A jikin dutsen da ke bayan wurin ajiye motoci an maƙala wani allo mai nuna inda ruwan teku zai tsaya, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka hango shi. Gishirin ya tsattsage gida-gida, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Mutumina ya durƙusa ya lasa, ya yamutsa fuska ya ce na Bilma ya fi. Daga nan inda kake tsaye kana kallon dutsen Telescope, wanda ya haura mita 3,300, kansa fari da dusar ƙanƙara.

A yankin nan tudu ne ke raba sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, ma'auni kan sauka da kamar digiri 6, kuma a wuni guda hanya tana iya hawa da kai fiye da mita 2,000. Kayan sanyi su kasance a kujerar baya inda hannu zai kai, kada a danne su a ƙasan akwati. Ga kuma gajartar wuni: wajen huɗu da rabi rana ta faɗi. Mun riƙa yin kasaru muna haɗa azahar da la'asar, muna kama hanya da asuba, don tuƙin dare a jihar Yuta ba abin wasa ba ne. Bareyi na faɗowa titi, ruwan da ya narke da rana kuma ya daskare a kan kwalta ba ka ganinsa.

Gandun Zion da ke jihar Yuta wucewa muka yi, ta ramin da aka huda a cikin dutse aka buɗe a 1930, tsawonsa kusan kilomita 2.

Gandun Bryce Canyon, shi ma a Yuta, na sama da mita 2,400 daga matakin teku. Da asuba muka tarar jarkar da ta kwana a mota ta zama dutse, da ruwan fulas muka yi alwala. Har ɗan Agadas, mai alfahari da hunturun garinsu, hannunsa na karkarwa yake hura rishon shayi. Amma da gari ya waye, sai ga dubban ginshiƙan jan dutse jere a cikin kwari kamar suri, kowanne da farar hula. Sanyin ne ma ya sassaƙa su: ruwa ya shiga tsaga da rana, ya daskare da dare ya kumbura, ya ɓantari dutse, shekara da shekaru. Hanyoyin gangarawa santsi ne zalla. Akwai 'yan ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi, ana sayarwa a wurin, kuma ban ga amfanin rowar kuɗinsu ba bayan na ga yadda wani bawan Allah ya zame ya zauna daɓas.

A taswira, gefen arewa na Grand Canyon, babban kwarin nan na jihar Arizona, ya fi kusa da Bryce, sai dai hanyarsa a rufe take daga Disamba har tsakiyar Mayu saboda ƙanƙara. Dole muka zaga ta Page da Cameron, tuƙin kamar awa biyar, muka shiga gefen kudu ta ƙofar gabas da sauran rana. Can ƙasa, zurfin fiye da kilomita ɗaya da rabi, kogin Kolorado ne. Abokina ya leƙa sau ɗaya ya ja da baya, ya ce shi ɗan sarari ne, zai jira ni a mota.