Daga Yamai zuwa Tawa da silinda uku

Tsakanin Yamai da Tawa akwai tafiyar kusan kilomita 550, kuma wanda ya tashi bayan sallar asuba da lafiyayyar mota yana iya yin la'asar a babban birnin Adar. Ni da kawuna mun kama wannan hanya a watan Afrilu, lokacin da bazara ta kai maƙura, domin halartar ɗaurin auren wata 'yar'uwarmu. Motar Kawu ƙarama ce mai silinda huɗu, daga cikin tsofaffin motocin Turai da suka shigo ƙasar nan ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Mun wuce Kure da Doso cikin sanyin safiya ba tare da wani abin faɗi ba.

Bayan Dogon Dutsi, da rana ta take, sai motar ta fara fizga duk lokacin da Kawu ya taka totur domin ya wuce babbar mota ko ya hau tudu. Idan ya sassauta ƙafa sai ta daidaita, idan ya ƙara sai ta yi tari, ƙarfinta ya ragu, fitilar nan mai hoton inji da ke gaban direba ta shiga ƙiftawa. Da muka tsaya a shingen jandarmomi muka bar injin yana aiki a tsaye, sitiyari da kujeru duk rawa suke yi, ga warin ɗanyen isansi yana fitowa ta salansa.

A Birnin Konni wani mai gyara a bakin hanya ya saurari ƙarar injin, nan take ya yanke hukunci cewa gurɓataccen mai ne, sai an sauke tanki an wanke. Ba abin mamaki ba ne a fara zargin mai a garin da ke bakin iyaka, inda ake sayar da isansi cikin kwalabe da jarkoki a kowane lungu. Kawu dai ya ƙi, domin a gidan mai ya cika tanki a Yamai, kuma da wannan man ne motar ta yi tafiyar safe lami lafiya. Muka bar babbar hanya a mararrabar Tsarnawa muka yi arewa, muna lallaɓawa, muna tsayawa a inuwa injin ya huce. Na lura cewa duk bayan hutu motar takan yi tafiya mai kyau na ɗan lokaci kafin fizgar ta dawo. A haka muka ratsa Badagishiri, muka shiga Tawa bayan magariba.

Washegari mai masaukinmu ya kai mu garejin wani dattijon makaniki. Bai taɓa sufana ba sai da ya gama tambayoyi.

"Alhaji, da sanyin safe take yi muku haka, ko sai ta yi zafi?"

"Sai ta yi zafi, Malam, kuma ta fi yi a kan tudu."

Ya gyaɗa kai, ya sa yaronsa ya ɗauko na'urar bincike, ya jona ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Wannan soket shi ne na tsarin OBD, wato tsarin da mota ke binciken kanta ta nuna matsala da lamba, wanda aka wajabta wa motocin Amurka tun 1996, motocin isansi na Turai kuma tun 2001. Lambar P0303 ta fito a allo. Ya ce mana lambobin P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da wuta ba ta kamawa a cikinta yadda ya kamata, lambar ƙarshe ita ce ta silindar, to amma na'urar ba ta faɗin dalili. Yana iya zama bobin, yana iya zama buji, ko bututun da ke fesa mai, ko kuma silindar ce ba ta matse iska. Ya ƙara da cewa da man ne ya gurɓata, da wuya ya zaɓi silinda ta uku ya ƙyale sauran, tun da dukkansu tanki ɗaya suke sha.

Aikin bobin, kamar yadda ya bayyana mana, shi ne ta karɓi volt 12 na batir ta mayar da shi volt dubu 20 ko fiye, domin tartsatsi ya iya tsallake ɗan gibin da ke bakin buji ya kunna cakuɗen mai da iska. A cikinta akwai naɗin waya guda biyu, mai kauri mai 'yan zagaye kaɗan, da siririya mai dubban zagaye. Motocin zamanin da bobin ɗaya gare su, wata na'ura ce ke raba wutarta ga dukkan silindoji. Tamu kuwa kowace buji da tata bobin a zaune a kanta. Idan abin da ke rufe siririyar wayar ya tsufa ya tsattsage, zafi yana buɗe tsagar, wuta ta sami gajeriyar hanya ta zurare kafin ta isa buji. Kuma idan aka taka totur, matsin da ke cikin silinda yana ƙaruwa, tartsatsi ya buƙaci ƙarfi fiye da na da, sai raunanniyar bobin ta gaza. Nan na fahimci dalilin da ya sa motar ta yi lafiya da safe, ta kuma riƙa farfaɗowa bayan kowane hutu.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin da bai ci ko dala ba. Ya kashe injin, ya cire bobin ta uku ya mayar da ita silinda ta ɗaya, ta ɗayar kuma ya kai ta uku, ya goge lambar, ya bar injin ya yi zafi sosai, sannan ya zagaya da motar. Da ya sake jona na'urar, sai ga P0301. Ciwon ya bi bobin zuwa sabon mazauninta. Da lambar ta tsaya a ta uku, in ji shi, da buji zai sauya wa wuri, bayan ita ya duba bututun mai, daga ƙarshe ya auna matsin silinda. Na tambaye shi ko ba a auna bobin da mita. Ya ce ana aunawa, sai dai bobin da ke mutuwa da zafi takan nuna lafiya idan ta huce a kan tebur, kuma yawancin na zamani suna da na'urar lantarki a cikinsu da ke hana mita faɗin gaskiya.

Kawu ya zaci an gama, dattijon ya ce tukuna, sai an san abin da ya kashe ta. Ya haska ramin buji ta uku da tocila, muka ga baƙin mai ya taru a ciki, domin robar da ke toshe murfin kan inji ta bushe tana yoyo, man kuma ya jiƙa wuyan bobin har ya kumbura, da wani siririn baƙin layi inda wuta ta riƙa bi. Da aka ciro bujin, bakinsu ya cinye, gibin ya yi faɗi, wanda ke tilasta wa bobin yin aikin da ya fi ƙarfinta. Ya kuma yi wa Kawu faɗa cikin ladabi game da doguwar tafiyar da muka yi fitila tana ƙiftawa, domin man da bai ƙone ba yana gangarawa cikin tukunyar tace hayaƙi ya ƙone a can, kuma kuɗin wannan tukunya ya ninka na bobin sau da yawa. A ganina, da ya so, da ya sayar mana da bobin huɗu ba mu yi musu ba.

Ya canza bobin ɗaya, da buji huɗu, da robar murfin, ya gargaɗe mu kada a riƙa watsa wa injin ruwa wajen wanki. Da azahar, rana tana tsaka, muka fita da shi hanyar Agadas, ya sa Kawu ya taka totur sosai a giya babba. Motar ta ja ba tare da fizga ba, fitilar ba ta sake kamawa ba, muka sauke shi a gareji muka wuce gidan biki.