Kankanar da ke yaushi alhali gindinta jiƙe yake

A wajenmu, gaɓar kogin Bahar Azrak kudu da garin Sinnar a ƙasar Sudan, da zarar kogi ya ja baya sai kowa ya bi danshi da iri: kankana, shammam, kabewa, ajjur. Ni kankana ce sana'ata, kuma babu abin da ya taɓa cin jarina kamar ciwon yaushi. Galibi yakan bari sai ta yi yaɗo ta fara ɗaura 'ya'ya. Da tsakar rana ka ga reshe ɗaya ya langaɓe, sauran lafiya lau, da asuba ya miƙe abinsa. Bayan 'yan kwanaki ba ya ƙara tashi.

Kawuna, wanda a hannunsa na koyi noma, cewa yake ƙasar ce ta gaji. Wani malamin gona da ya yi karatu a Wad Madani ya tuge gindi ɗaya a gabanmu, ya tsaga karan da reza. Sai ga wani zare ruwan ƙasa ya bi tsawonsa daga saiwa zuwa sama. Ya ce, "Baba, ba ƙishirwa ba ce, hanyar ruwan ce ta toshe." Fusariyum ake kiranta, wata fumfuna ce da ke zaune cikin ƙasa, ta saiwa take shiga. Shi ya sa feshin ganye asara ne kawai, ko da mai shagon magani ya rantse maka da kwalbarsa.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai Fitiyum mai kwantar da tsiro tun yana ganye biyu, wuyan ya ruɓe ya zama kamar zare. Wannan kwanciyar ruwa take so. Da na ɗaga kunya sosai a gonar tudu da nake ba ruwa da injin, na daina barin ruwa ya taɓa wuyan shuka, sai ta yi sauƙi. Na gwada shimfiɗa farar leda kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a zafin Afrilu da Mayu, mako 4 zuwa 6, rana ta dafa ta. A ɗan filin reno ta yi aiki, amma faddan guda murabba'in mita 4,200 ne, wa zai iya kuɗin ledar?

Fusariyum kuwa tana iya shafe shekara da shekaru a ƙasa tana jira, don haka ake so a raba fili da kankana shekara 5 zuwa 7. Na sa dawa da albasa, duk gindin da ya kamu kuma na tuge na ƙone, ban bar shi a bakin hanyar ruwa ba.

Abin da ya fi fisshe ni shi ne aure da duma. Manoman Japan sun fara ɗora kankana kan saiwar wata shuka tun shekarun 1920, kuma wadda suka fi riƙewa ita ce wannan dumar da muke fafe ƙwarya da ita, domin nau'in Fusariyum mai kashe kankana bai cika cin ta ba. Nakan shuka dumar a 'yan ledoji. Idan ganyenta biyu na farko sun buɗe, sai in cire toho na tsakiya, in huda wajen da tsinken sakace, in fiƙe wuyan tsiron kankana da sabuwar reza in cusa. Daga nan sai inuwa da danshi kamar mako guda, ba iska ba rana. Wasu za su mutu, dole ne, shi ya sa nake yin fiye da buƙata. Aiki ne na mai haƙuri. 'Ya'yana mata sun fi ni hannu nesa ba kusa ba.

Duma ba ta maganin tsutsar saiwa mai sa ƙulle-ƙulle, wannan yaƙi ne daban. Wajen dashe kuma nakan tsaya a kan yara da kaina, kada su binne mahaɗin. In ƙasa ta rufe shi, kankanar za ta fid da nata saiwar, ciwon ya shiga ta nan.