Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Lokacin Da Sikeli Ya Tsaya A 92

Assalamu alaikum 'yan uwa. A satin da ya wuce na tsaya ne a inda na dawo daga asibiti da takarda a hannu jikina duk yayi sanyi, hawan jini 150 kan 95, sugan da aka auna min da safe kafin inci komai 112, nauyi kuma kilo 98. Likita tace min ciwon suga bai kamani ba tukunna, sai ya kai 126 ake cewa ya kama, amma daga 100 zuwa 125 ɗin nan mutum a bakin ƙofa yake tsaye, kuma ni nasan abinda ciwon nan ya yiwa mahaifinmu kafin Allah ya karɓi abinsa. Wannan bayan ƙaramar Sallar 2024 ne da 'yan kwanaki, tsakiyar watan Afrilu.

Washegari na sa baban yara ya siyo min sikeli a Sabon Gari, irin na gilashi mai batir. Ƙarƙashin gado nake ajiyeshi, ina idar da sallar asuba zan jawoshi in hau. Na daina lemon kwalba, na daina fanke da ƙosan safe, tuwon dare na rage shi sosai. Cikin sati biyu sai ga 94. Wallahi ranar da na ga lambar nan zama nayi a bakin gado ina hawaye ina godewa Allah, shekara tara kenan tun haihuwar fari ban taɓa ganin nauyina yayi ƙasa ba, kullum gaba yake yi.

To anan na fara lissafin da ya kusa kaini ya baro. Bikin autarmu an sa shi farkon watan Agusta, saura sati 14 kenan. Nace tunda kilo biyu nake zubarwa duk sati, kafin biki na sauka zuwa 70 har da ragowa. Muka je Kantin Kwari aka fitar da anko, na kai wa mai ɗinkina, wata baiwar Allah da take min ɗinki tun ina amarya. Ta ɗauko tef zata aunani na riƙe hannunta nace ta rage inci takwas a ƙugu. Ta kalleni tace "Anti inci takwas fa kikace, leshin nan ba arha bane." Nace ke dai kiyi abinda nace. Bata ƙara magana ba ta rubuta a littafinta, ƙuguna a ranar inci 44.

Watan Mayu gaba ɗayansa kilo biyu kacal na rage. Daga nan kuma sikeli ya tsaya a 92 kamar an dasa shi. Yau 92, gobe 92 da ɗigo huɗu, jibi 91 da ɗigo takwas in fara murna, gata ya koma 92. Har batir na canza masa, na ɗaukeshi daga ɗaki na kai tsakar gida kan siminti ko tayil ɗin ne bai daidaita ba. Na koma hawa sau uku sau huɗu a rana, kafin wanka bayan wanka, kuma duk abinda ya nuna min da asuba shi zai yanke yadda zan wuni, in lambar bata min daɗi ba yara ma basa samun fuska a wajena, wannan har yau yana min ciwo in na tuna.

Sai nace tunda haka ne abincin zan bari kawai. Da safe ruwan zafi da lemon tsami, da rana kokwamba da ƙwai ɗaya, da dare babu. Ina girka wa gida shinkafa da miya ina jin ƙamshi hannuna na rawa. Kwana biyu uku nake iya jurewa, a na huɗu wajen ƙarfe sha ɗaya na dare kowa yayi bacci zan shiga kicin ban ko kunna fitila ba, in buɗe tukunyar taliyar da yara suka rage in cinye a tsaye da sanyinta, in haɗa da biredi, sannan in koma ɗaki in kwanta ina kuka ina jin kamar nayi sata a gidana. Duk wacce ta taɓa shiga wannan halin tasan abinda nake faɗa, yunwa ce da ka tara ta kwana uku take zuwa karɓar bashinta, amma a lokacin gani nake ni ce bani da zuciya.

Ana cikin haka na ga tallar wani shayi a WhatsApp, hoton mace kafin da bayan, wai kilo goma cikin kwana 14. Dubu goma sha biyar na tura daga kuɗin adashena, baban yara bai sani ba. Daren farko cikina ya fara murɗawa, kafin asuba na zaga banɗaki sau biyar. Na yiwa mai shayin magana tace ai kitsen ne yake narkewa yana fita, inci gaba. Naci gaba har kwana uku. Sikeli ya nuna 90, ni kuma ko tsintsiya bana iya ɗagawa, leɓena ya bushe, in na miƙe sai inga duhu. A rana ta uku ina sauke tukunya jiri ya ɗebeni, Allah ya taimaka bango na dafa na sulale ƙasa, babbar 'yata ce ta ruga ta kira maƙwabciyarmu da take aikin nas. Ta haɗa min ruwan gishiri da suga, sannan tace in kawo kwalin shayin. Ta juya bayansa ta nuna min wata kalma da yatsa tace "Maman yara kinsan wannan? Filasko ne fa." Filaskon da Inna take jiƙa mana muna yara in cikin mutum ya ɗaure. Maganin wankin ciki na siya dubu sha biyar, abinda ya fita ruwa ne da bayan gida, kuma cikin kwana huɗu da na koma cin abinci sikeli ya dawo 92 ɗinsa. Babbar Sallah ta zo 16 ga Yuni, soyayyen nama ko ina, na ce ai ba amfani, naci son raina, ya hau 93 da rabi.

Ƙarshen Yuni ranar komawata asibiti tazo, da kyar naje dan kunya nake ji. Ina zama nace likita ni na gaza. Ta duba kati tace in hau sikeli, ya dawo 92. Tace "Hajiya daga 98 zuwa 92 shine gazawa?" Ta auna jinina 138 kan 88. Sannan ta jawo takarda ta zauna tayi min bayanin da ashe tun ranar farko ta fara yi min, ni ce kunnena bai ɗauka ba saboda hankalina na kan biki.

Tace kilo huɗun farkon nan yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka, kuma duk giram ɗaya na wannan ajiyar yana riƙe da ruwa kusan giram uku, so da zarar mutum ya rage tuwo da zaƙi ajiyar zata fara ƙarewa ruwan ya bita, shi yasa kowa yake ganin abin mamaki a sati biyun farko. Kitse kuwa lissafinsa daban, kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700, in mutum yana rage 500 kullum daga abinda jikinsa ke buƙata a sati zai zubar da kusan rabin kilo. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, tace shine tafiyar da likitoci suke so, kuma ba kowane sati zai nuna ba, dan gishiri da magi da yawa, ko gabatowar al'ada, ko rashin zuwa banɗaki, kowanne zai iya ɗora kilo ɗaya ko biyu na ruwa ya rufe aikin da akayi. Ga kuma jikin da ya ragu baya ƙona abinci kamar da, dole tafiyar ta rage gudu.

Abinda yafi tsaya min a rai shine da tace ita bata taɓa nemana da 70 ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin mutum in ya sauka ya isa a ga canji a hawan jini da suga, nawa kenan kilo 5 zuwa 10, kuma na riga na shiga ciki ina zaune ina cewa na gaza. Ta bani labarin wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, mutum sama da 3,000 masu irin sugana na bakin ƙofa, waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari a kusan shekara uku. Kashi bakwai fa, ba rabin jiki ba.

Daga asibiti gidan Inna na wuce na faɗa mata komai har da shayin. Tayi shiru tana jan carbi sannan tace "Ke da kika tara abu shekara tara kike so ki kwashe shi a wata uku saboda biki? Ai ba a fafe gora ranar tafiya." Ta ƙara da cewa ita damuwarta gwiwata da hakin da nake yi in na hau ɗan tudun ƙofar gidanta, ba leshi ba.

Na dawo na sake tsari. Sikeli na ba baban yara ya ɗora saman wardirof inda hannuna baya kaiwa, ranar Juma'a da safe kawai yake sauko min da shi. Na koma cin abinci sau uku kamar kowa, tuwo malmala ɗaya maimakon biyu da rabi, miyar kuka ko ta alayyahu in cika kwano, kwaɗon zogale ko rama da rana, wake da alala, wani lokacin faten acca. Mai kuwa da daga galan nake tuttulawa a tukunya har sai ya taso saman miya, yanzu da cokali nake aunawa, kuma wallahi babu wanda ya lura a gidan sai da na faɗa. Zoɓo nake haɗawa da citta da kanumfari ba suga, tunda na ji cewa robar lemo ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da suga fiye da ƙaramin cokali goma sha biyu. Tafiya kuma na daina hawa adaidaita zuwa ɗauko yara daga Islamiyya, minti sha biyar zuwa sha biyar dawowa, kwana biyar a sati, ranar da aka yi ruwa in zaga tsakar gida.

Juma'ar farko 92 dai. Ta biyu 91 da rabi. Ta uku bai motsa ba, na ji zuciyata ta fara irin na da, na tashi na ɗora girki.

Saura kwana biyar biki naje karɓo anko ina 89 da rabi. Rigar ko kafaɗa bata wuce da daɗi ba balle zif. Na tsaya a ɗan lungun gwaji na rasa abin cewa, sai mai ɗinkin ta juya rigar ta nuna min ciki, ashe bata yanke yadin ba, ninke shi tayi ta ɗinke ta barshi. Tace "Anti nasan za'a zo nan, bari in buɗe miki." Ta zagaya tef a ƙuguna ta duba littafinta ta sake dubawa, 41. Inci uku, kuma wasu daga ciki a cikin satittikan nan ne da sikeli ya ƙi motsi ina ta kuka. Ta farke ɗinkin a gabana ta mayar daidai jikina, na sa na fito, ranar kamu kuwa na wuni a tsaye ina hidima da baƙi har isha'i ban nemi kujera ba, sai da na kwanta na tuna ashe gwiwar bata min ciwo ba.

A wajen bikin ne kuma wata yayar baban yara ta jani gefe ta riƙe hannuna tana kallon wuyana tace "Wai lafiya kike ramewa haka, ko ƙanina ne baya kyauta miki?" Kunsan mu a wajenmu ƙibar mace ita ce shaidar hutu, har kwayoyin sha ka fashe 'yan mata ke sha dan a ce sun cika. Na ce mata lafiya lau Yaya, likita ce ta sa ni. Ashe maganar bata tsaya anan ba, kwana biyu da gama biki sai ga kira daga Hajiya surukata wai tana nemanmu ni da ɗanta bayan la'asar. Abinda ya faru a falon Hajiya sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.