Abin da aikin rainon iri ya koya mini a Sennar

Na daɗe ina aiki a wurin rainon irin shuka kusa da garin Sennar a ƙasar Sudan, kuma yawancin masu sayayya a wurinmu mata ne daga Maiurno da ƙauyukan bakin kogi, masu son ɗan lambun kayan miya a bayan ɗaki. Babban abin da na gane a aikin nan shi ne, sanin lokacin shuka ya fi buhun taki amfani.

Ledar irin da ake kawowa daga Turai takan ce a shuka tumatir a Maris ko Afrilu. To, a can lokacin ne sanyi ke sakin ƙasa. A nan kuwa bazara ce ke kankama, zafi ya haura digiri 40. Shi tumatir da zafi ya wuce kamar digiri 35 sai ya riƙa zubar da fure, ga ƙananan fararen ƙudajen nan masu kawo cutar nannaɗewar ganye. Lokacinsa Oktoba da Nuwamba ne, in iska ta fara sanyi. Amma kowace shekara sai an sami mai nacewa. Nakan ce, "Inna, ki bar shi sai bayan damina, yanzu ɗauki kuɓewa da lalo." Wata ta ji, wata ta ce ai kuɗinta ne.

Kuɓewa da lalo su zafi bai dame su ba, muddin akwai ruwa. Irin kuɓewa a jiƙa shi ya kwana. Na lalo taurin kai gare shi, sai an ɗan tsoma shi a ruwan zafi yake tsirowa bai ɗaya. In ya tashi kuma a yanka da wuƙa, kada a tuge, zai sake tofowa.

Ƙasarmu ce ta fi ba ni aiki. Baƙar laka ce irin ta Jazira, yankin noma da ke arewa da mu: in ta bushe ta tsattsage har hannu ya shiga, in ta jiƙe ta kama fartanya. Ka zuba bokiti guda a busasshen fangali, ruwan ya bi tsaga ya wuce, saiwa ba ta samu ba. Maganinta yashi da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, don ɗanye ƙone shuka yake, sannan a lulluɓe saman da karan dawa ko busasshiyar ciyawa. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar.

Na'ana'a kuwa ba ta son ranar tsaka. A gidaje da yawa inda ta fi kyau shi ne gindin randa, ƙarƙashin darbejiya, inda ruwa ke ɗiga dare da rana. Sai dai a sa ta cikin yankakkiyar jarka mai huda a ƙasa, in ba haka ba ta mamaye fangalin. A kuma kewaye da ƙaya ko raga tun ranar shuka, saboda kaji.